Michigan: Jihar Motoci da Ta Ga Samu Ta Ga Rashi

A shekarar 1900, da za a tara masana harkar injuna a tambaye su wane gari ne zai zama cibiyar ƙera motoci a Amurka, da wuya wani ya ambaci Detroit. Motar fetur ta farko da ta yi tafiyar kirki a ƙasar, wasu 'yan'uwa biyu ne, Charles da Frank Duryea, suka haɗa ta a jihar Massachusetts a 1893. A Hartford ana ƙera motoci masu aiki da batir, a Cleveland ta jihar Ohio kuwa Alexander Winton ya riga ya fara sayar da nasa. Jamusawa da Faransawa ma sun yi wa Amurkawan fintinkau. Detroit, birni mafi girma a jihar Michigan, gari ne madaidaici mai mutum 285,000 da ɗoriya. Kafin 1930 mutanensa sun haura miliyan ɗaya da rabi, kuma kamfanoni uku na jihar, wato Ford da General Motors da Chrysler, sun riƙe kusan kashi uku cikin huɗu na cinikin motoci a ƙasar baki ɗaya.

Galibi idan ana ba da wannan labari, akan jingina tashin ga basirar mutum ɗaya, Henry Ford, sannan a ɗora faɗuwar a kan motocin Japan. A ganina duka biyun sun gajarta maganar. Abin da ya tayar da Michigan ya riga motar Ford da shekaru masu yawa, abin da ya kayar da garuruwanta kuma ya fara cin su tun kafin Amurkawa su san sunan Toyota. Wanda ya duba da kyau zai ga cewa kamfanonin sun yi tuntuɓe sun miƙe, suna nan har gobe suna cin riba. Garuruwan da suka raine su ne suka durƙushe.

Michigan ruwa ne ya kusan kewaye ta, don huɗu daga cikin manyan tafkuna biyar na yankin sun taɓa gaɓarta. Da aka buɗe mashigin ruwa na Erie a 1825, wanda aka haƙa don haɗa tafkunan da birnin New York, sai jigilar kaya masu nauyi ta yi arha. A arewacin jihar an gano tagulla, a 1844 aka gano tama, a 1855 kuma aka gina ƙofofin ruwa a Sault Ste. Marie domin jiragen da suka yi lodin tamar su iya gangarowa kudu. Ga kuma daji. Daga wajen 1870 har kusan ƙarshen ƙarnin babu jihar da ta kai Michigan fitar da katako, sai da aka kusa share dazuzzukanta kakaf. Dajin ya ƙare, amma ya bar attajirai da kuɗi a hannu suna neman inda za su zuba, ya kuma bar masu sana'ar hannu.

Masu sana'ar nan su ne ginshiƙin labarin. Detroit ta yi suna wajen ƙera murhun ƙarfe na girki da ɗumama ɗaki, saboda haka tana cike da maƙeran da suka san narka ƙarfe da zuba shi a mazubi. A nan ake ƙera taragun jirgin ƙasa, ana haɗa jiragen ruwa da ƙananan injunan kwalekwale masu shan fetur. A Flint kuwa keken doki ake yi, har kamfanin William Durant da abokinsa Dallas Dort ya shiga sahun mafi girma a ƙasar. Mai yin keken doki ya san lanƙwasa itace a fitar da bodi, ya san ɗinkin kujera da fenti, ya kuma san dillalan da za su kai masa kaya ƙauyuka. Motar farko kuwa keken doki ce da aka ɗora wa inji.

Dubi waɗanda sunayensu suka zama sunayen motoci. David Buick kayan banɗaki yake ƙerawa. John da Horace Dodge, wa da ƙani, kekuna suka yi kafin su buɗe shagon sarrafa ƙarfe. Da gobara ta cinye masana'antar Ransom Olds a Detroit a watan Maris na 1901, bai zauna jiran sake gini ba, sai ya rarraba aikin kwangila: wannan shago ya yi masa inji, wancan ya yi giya, wani ya yi bodi. Su Dodge na cikin waɗanda suka samu, haka ma Henry Leland, wanda ya koyi aikin awo na ƙwarai a masana'antun bindiga na gabashin ƙasar. Da haka shaguna da dama suka koyi aikin mota a lokaci guda, kuma duk mai sabon tunani zai iya kafa kamfani ba tare da ya mallaki katafariyar masana'anta ba. Ya sayi kayan a maƙwabta, ya haɗa, ya sa sunansa. Ford kansa haka ya fara. Kamfaninsa na farko ya karye. A na biyu suka saɓa da masu jari ya fice, su kuma suka kira Leland suka mayar da shi Cadillac. Na ukun, wanda ya kafa a watan Yuni na 1903 da tsabar kuɗi dala 28,000 na masu jari, injinsa da giyarsa daga shagon su Dodge suke zuwa. Gari ne da mutum zai faɗi sau biyu ya sake samun mai ba shi jari karo na uku, kuma ni wannan nake ɗauka a matsayin arzikin Detroit na gaskiya a wancan zamani.

Wannan ba rage wa Ford daraja ba ne, don abin da ya ƙara babba ne. Ya fito da Model T a 1908 kan dala 850, mota mai juriya da manomi zai iya gyarawa da kansa. A 1913, a masana'antarsa ta Highland Park, aka gwada wata dabara a kan wani ƙaramin sashe na inji, wanda ke ba da wuta. A da ma'aikaci ɗaya ne ke zama ya haɗa shi daga farko har ƙarshe cikin minti 20. Sai aka jera mutane a gefen wani dogon tebur, aka raba aikin gida 29, kowa ya sa abu ɗaya ko ya ɗaure noti ya tura wa na gaba. Lokacin ya sauko zuwa minti 13. Da aka ƙara wa teburin tsayi don kada mutane su riƙa sunkuyo, aka kuma sa sarƙa tana jan kayan da kanta, ya koma minti biyar. Aka ɗauki dabarar aka ɗora wa motar gaba ɗaya, aikin da ke cin sa'a 12 da rabi ya dawo kimanin minti 93. Farashi ya yi ta sauka har ya kai dala 260, kuma kafin a daina ƙera ta a 1927 an fitar da sama da miliyan 15.

Sai dai a lura da abin da ya sauya hannu. A da ƙwarewa tana kan ma'aikaci, yanzu ta koma kan injiniyan da ya tsara layin, kuma sarƙa ce ke yanke wa kowa saurin aikinsa. Mutane suka ƙi zama. A 1913 sai da Ford ya ɗauki fiye da mutum 50,000 kafin ya iya riƙe ma'aikata kimanin 14,000. Wannan ce ta haifar da sanarwar watan Janairun 1914, inda ya ɗaga ladan yini daga dala 2.34 zuwa dala biyar, ya kuma rage aikin zuwa sa'a takwas. Kuɗin da sharaɗi ya zo. Kamfanin ya kafa sashe na musamman mai tura jami'ai gidajen ma'aikata su duba tsafta, su binciki ko mutum na shan barasa, ko yana ajiya a banki, kafin a ba shi cikakken kuɗin.

Akwai wata shari'a daga waɗannan shekaru da nake ganin ta fi ladan dala biyar bayyana abin da zai biyo baya. Ford ya ce zai daina raba wa masu hannun jari ribar musamman, zai zuba kuɗin a faɗaɗa masana'anta da rage farashi. Su Dodge, da ke da kashi goma cikin ɗari, suka kai shi kotu. A 1919 kotun ƙolin Michigan ta umarce shi ya biya sama da dala miliyan 19, ta kuma bayyana cewa kamfanin kasuwanci an kafa shi ne da farko domin ribar masu hannun jari. Gari da ma'aikata ba sa cikin wannan lissafi.

Daga nan Ford ya bi hanyar da ta saɓa wa wadda ta haife shi. Maimakon saye a maƙwabta, ya so ya mallaki komai. A Dearborn, gari mai maƙwabtaka da Detroit, a bakin kogin Rouge, ya gina masana'antar da tama ke shiga ta jirgin ruwa ta fito a mota, tana da wurin narka ƙarfe nata, da na gilashi, da tashar lantarki, kuma a shekarun 1930 ma'aikatanta sun haura 100,000. Durant ya bi ta wata hanyar ya isa wuri ɗaya. Ya kafa General Motors a Flint a 1908, ya yi ta saye-sayen kamfanoni, Buick da Oldsmobile da Cadillac da masu ƙera kayan haɗi. Alfred Sloan da ya karɓi ragama a 1923 ya tsara motocin hawa-hawa, Chevrolet ga mai ƙaramin ƙarfi, Cadillac ga mai hali, ana sauya yayi kowace shekara, ana kuma sayarwa bashi a biya kaɗan-kaɗan. Da haka ya wuce Ford. Walter Chrysler ya kafa nasa a 1925, ya sayi Dodge a 1928. Ƙananan kamfanoni suka mutu ko aka haɗiye su, shagunan da suka rage kuma suka koma 'yan kwangilar babba ɗaya. Bayan Chrysler, da wuya a nuna wani da ya kafa kamfanin mota daga tushe a jihar ya kai labari.

Albashin ya janyo mutane daga ko'ina. 'Yan Poland suka cika garin Hamtramck kusa da masana'antar Dodge. Baƙaƙen fata suka yi ta ƙaura daga kudancin ƙasar suna gudun wariya da ƙangin noman auduga, adadinsu a Detroit ya tashi daga ƙasa da 6,000 a 1910 zuwa kimanin 120,000 a 1930. Ford ya fi sauran ɗaukar su aiki, amma galibi a sashen narka ƙarfe, inda zafi da hatsari suka fi yawa. Larabawa ma suka zo daga Siriya da Labanan, daga baya Yaman, kuma masallacin da aka gina a Highland Park a 1921, daf da masana'antar Ford, na cikin na farko-farko da aka gina a Amurka. Yawan Musulmin da ake jin labarinsu a Dearborn yau, asalinsu aikin mota ne.

Da tattalin arzikin duniya ya karye a 1929, ma'aikata suka gane cewa albashin da mai kamfani ya ba ka don ganin damarsa, ran da ya ga dama zai janye. A watan Maris na 1932 marasa aiki suka yi tattaki zuwa ƙofar Rouge, 'yan sanda da masu gadin kamfani suka buɗe wuta, mutum huɗu suka mutu nan take. A 1935 aka kafa ƙungiyar ma'aikatan mota, UAW. Ranar 30 ga Disamban 1936 ma'aikatan General Motors a Flint suka yi wani irin yajin aiki: maimakon su fita, sai suka zauna a ciki suka kulle ƙofa, don kada a kawo wasu su maye gurbinsu ko a kwashe injuna. Suna kwana a kan kujerun motocin da ba a gama haɗawa ba, iyalansu na miƙo musu abinci ta taga. Aka kashe musu na'urar ɗumama gini a tsakiyar hunturu. Da 'yan sanda suka zo da hayaƙi mai sa hawaye, suka mayar da martani da mesar kashe gobara da ƙarafunan ƙofar mota. Gwamna Frank Murphy ya turo dakarun jiha amma ya ƙi ba su umarnin fitar da mutanen da ƙarfi. Bayan kwana 44 kamfani mafi girma a harkar ya sa hannu ya amince da ƙungiyar. Ford ya yi ta turjiya har 1941.

A Yaƙin Duniya na Biyu an dakatar da ƙera motocin farar hula tun farkon 1942, masana'antun suka koma yin tankoki da jirage. A Willow Run, Ford ya kai matsayin fitar da jirgin yaƙi samfurin B-24 kusan ɗaya a kowace sa'a. Bayan yaƙi, masana'antun Turai da Japan sun zama toka, kamfanonin Michigan suka ci karensu babu babbaka. A 1950 shugaban UAW, Walter Reuther, ya ƙulla yarjejeniyar shekara biyar da General Motors, wadda ta ba ma'aikata fansho da inshorar lafiya da ƙarin albashi gwargwadon tsadar rayuwa, su kuma suka bar wa kamfani ikon yanke shawarar me za a ƙera da inda za a ƙera shi. Mutumin da bai gama sakandare ba ya sami damar mallakar gida da mota, ya kai 'ya'yansa jami'a. Wannan nasara ce ta gaske, kuma ban yarda da masu cewa ƙungiyar ƙwadago ce ta kashe Detroit ba.

Amma yarjejeniyar na da ɓaraka biyu. Ta farko, fansho da kuɗin asibiti an rataya su a wuyan kamfani ɗaya-ɗaya. Reuther ya so a yi tsarin lafiya na ƙasa baki ɗaya, hakan bai samu ba. Muddin kamfani na girma ba matsala, amma ran da ma'aikata suka ragu, 'yan fansho suka ƙaru, nauyin zai danne shi. Zuwa 2005 General Motors na ɗauke da kuɗin lafiyar mutum sama da miliyan ɗaya, abin da ya ce yana ƙara kimanin dala 1,500 a kan kowace mota. Ɓaraka ta biyu ita ce ikon zaɓen wuri da aka bar wa kamfani, kuma ita ce ta fara aiki nan da nan.

A 1950 Detroit ta kai ƙololuwarta da mutum kusan miliyan 1.85. A cikin waɗannan shekarun na wadata ne aiki ya fara zurarewa. Tsofaffin masana'antun cikin birni benaye ne, sabon salon aiki kuwa na son shimfiɗaɗɗen gini a fili mai faɗi. Tsakanin 1947 da 1958 manyan kamfanonin uku sun gina sabbin masana'antu 25 a kewayen Detroit, ko ɗaya babu a cikin birnin. Wasu an kai su Ohio da wasu jihohin, inda haraji ya fi sauƙi kuma ƙungiya ba ta da ƙarfi kamar a Rouge. Injuna masu sarrafa kansu suka rage buƙatar hannu. Ma'aikatan Rouge suka sauko daga kimanin 85,000 a 1945 zuwa 30,000 a 1960. Kamfanonin Hudson da Packard suka rufe masana'antunsu na birnin. Tsakanin 1947 da 1963 Detroit ta yi asarar guraben aikin masana'anta kimanin 134,000, a lokacin da General Motors shi kaɗai ke riƙe da kusan rabin kasuwar Amurka.

Wa ya iya bin aikin zuwa inda ya koma? Nan wariyar launin fata ta shigo da ƙarfinta. Hukumar gwamnatin tarayya mai lamunce bashin gida ba ta lamuncewa a unguwannin baƙaƙe, sabbin unguwannin bayan gari kuma ba sa sayar musu. A 1941 wani mai gina gidaje ya gina katanga mai tsayin ƙafa shida da tsawon kusan rabin mil kusa da titin Eight Mile, don ya raba filinsa da unguwar baƙaƙe, hukumar ta yarda ta ba shi lamuni. Katangar na nan tsaye har yau. Manyan titunan da aka gina don motoci su fita bayan gari, ta kan unguwannin baƙaƙe aka bi da su, aka rushe Black Bottom da Paradise Valley. Farare suka bi aiki suka fita da harajinsu, baƙaƙe suka rage a birnin da aiki ya bari. Tarzomar watan Yulin 1967, da ta ci rai 43, ana yawan cewa ita ce ta kori mutane daga Detroit. Ta ƙara wa gudun sauri ne, amma ƙaurar ta girme ta da shekara kusan 20.

Sai da aka kai nan Japan ta shigo labarin. Eiji Toyoda na kamfanin Toyota ya ziyarci Rouge a 1950 ya ga yadda ake aiki, ya koma gida suka gina wani tsari daban: ba a tara kaya jibgi a sito, kuma ma'aikaci na da ikon tsayar da layi idan ya ga kuskure, a gyara tun daga tushe. A Detroit layi ba ya tsayawa, sai a ƙarshe ake gyaran abin da ya lalace. Da Larabawa masu arzikin mai suka hana Amurka fetur a 1973, farashi ya sake tashi bayan juyin juya halin Iran a 1979, Amurkawa suka juya ga ƙananan motoci marasa shan mai, suka kuma tarar ba sa yawan kai su gareji. Chrysler ya kusa mutuwa, sai da gwamnati ta lamunce masa bashin dala biliyan 1.5. Fushin ya kai ga jini: a 1982 wasu ma'aikatan mota biyu suka yi wa wani matashi ɗan asalin China, Vincent Chin, dukan da ya yi ajalinsa, a lokacin da ake ɗora wa Japan laifin rashin aikin yi. Kamfanonin Japan kuwa suka zo Amurka suka gina masana'antu, amma ba a Detroit ba. Honda ya fara a Ohio a 1982, Nissan a Tennessee a 1983, Toyota a Kentucky a 1988. Yawancin Camry da Accord 'yan Amurka da ake saukewa a Kwatano da Legas su ƙare a titunanmu, daga waɗannan masana'antu suka fito. Ma'aikatan Amurka ne suka haɗa su, wanda ya nuna cewa matsalar ba ta hannun ma'aikaci ba ce, ta shugabannin da suka daɗe ba su da abokin gasa ce.

Michigan ba mota kaɗai ba ce, kuma yammacin jihar ya bi wata hanya da ta cancanci a duba. Grand Rapids ta gaji katako ta zama garin kafintoci. Da aikin kayan ɗaki na gida ya koma jihohin kudu inda lada ya fi arha, sai yankin ya juya ga kujeru da teburan ofis, inda Steelcase da Herman Miller da Haworth suka yi fice. A Battle Creek, W.K. Kellogg ya kafa kamfanin abincin karin kumallo na masara a 1906. A Midland ta tsakiyar jihar kuwa, Herbert Dow ya fara a 1897 da fitar da sinadarai daga ruwan gishirin ƙarƙashin ƙasa. Kalamazoo ta yi magunguna da kamfanin Upjohn da kayan aikin asibiti da Stryker, kuma daga tsohuwar masana'antar Upjohn, wadda yanzu ke hannun Pfizer, aka fitar da lodin farko na rigakafin korona a Amurka a Disamban 2020. Yankin da ke da kamfanoni matsakaita masu sana'a daban-daban, da yawansu a hannun iyalan da ke zaune a garin, ya fi jure girgiza. Amma kada a zuzuta. Whirlpool mai injin wanki na da hedikwata a Benton Harbor, garin kuma na cikin mafi talauci a jihar. A Greenville, Electrolux ya rufe masana'antar firji a 2006 ya koma Meziko, mutum 2,700 suka rasa aiki a ƙaramin gari.

Tsakanin 2000 da 2009 Michigan ta rasa kusan rabin guraben aikin masana'antunta, kuma ita kaɗai ce jihar da yawan mutanenta ya ragu a ƙidayar 2010. A 2009 Chrysler da General Motors suka je kotu suka bayyana cewa sun karye. Ford ya tsira ne don tun 2006 ya jinginar da kusan duk abin da ya mallaka, har da tambarinsa, ya ciyo bashin sama da dala biliyan 23. Gwamnatin tarayya ta zuba wa General Motors kimanin dala biliyan 50, cikin kwana 40 ya fito daga kotu a matsayin sabon kamfani, ya bar bashi da rufaffun masana'antu da gurɓatattun filaye a wuyan tsohon. Ina ganin ceton daidai ne, don da an bar su sun mutu da dubban ɗaruruwan iyalai sun shiga uku. Abin da ke damuna shi ne abin da ya faru bayan shekara huɗu. A watan Yulin 2013 birnin Detroit kansa ya karye da bashin kimanin dala biliyan 18. Kashi 40 cikin ɗari na fitilun titi ba sa kamawa, gine-gine kimanin 78,000 sun zama kufai. Ba a yi masa irin ceton da aka yi wa kamfanonin ba. Tsofaffin ma'aikatan birni, direbobin bas da masu gyaran famfo da akawu, aka rage musu fansho da kashi 4.5 cikin ɗari, aka soke ƙarin tsadar rayuwa, aka zabtare musu tallafin asibiti.

Flint ta fi ban tausayi. A 1978 General Motors na da ma'aikata kimanin 80,000 a yankin, daga baya suka koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na haka. Da garin ya talauce, jiha ta naɗa masa kantoma, kuma a watan Afrilun 2014, don a rage kashe kuɗi, aka juya ruwan famfo zuwa kogin Flint ba tare da an zuba sinadarin da ke hana ruwa cin bututu ba. Mutane suka riƙa zuwa taro da robobin ruwa ja-ja-ja suna nunawa, ana ce musu lafiya lau ne. A watan Oktoba na wannan shekara masana'antar injin General Motors da ke garin ta sanar cewa ta daina amfani da ruwan, saboda yana sa kayan inji tsatsa. Jama'ar gari suka ci gaba da sha har shekara guda, sai da wata likitar yara, Mona Hanna-Attisha, ta fito da sakamakon gwajin jini da ya nuna darma ta ƙaru a jikin ƙananan yara. Aƙalla mutum 12 kuma sun mutu da wata cutar huhu da ta ɓarke a lokacin.

Yau akwai alamun farfaɗowa. Ford ya sayi tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Detroit da ta daɗe a yashe, ya gyara, aka sake buɗe ta a 2024. A 2023 UAW ta yi wa kamfanonin uku yajin aiki lokaci guda, ta samo ƙarin albashi na kashi 25 cikin ɗari. Amma ƙidayar 2020 ta sami mutum 639,000 ne kawai a Detroit, kusan kashi ɗaya cikin uku na 1950, Chrysler kuma ya zama reshen Stellantis mai rajista a Holan. Ikon zaɓen wuri har yanzu yana hannun kamfani. A watan Satumban 2021 Ford da wani kamfanin batir na Koriya ta Kudu suka sanar da jarin sama da dala biliyan 11 na motoci masu lantarki da batiransu, suka kai shi Tennessee da Kentucky. Hankalin 'yan siyasar Michigan ya tashi, kafin shekarar ta ƙare majalisar jiha ta ware asusu na musamman na zawarcin kamfanoni da kuɗin haraji. Wata guda bayan haka General Motors ya yi alkawarin zuba dala biliyan bakwai a jihar, bayan an yi masa tayin tallafi na sama da dala miliyan 800. Cikin ayyukan har da masana'antar batir kusa da Lansing, wadda a ƙarshen 2024 kamfanin ya sanar cewa zai sayar da kasonsa a cikinta ga abokin hulɗarsa na Koriya ta Kudu, LG.